Wane Talla Ne Ya Kawo Ciniki? Yadda Ake Rabon Lada a Tallan Intanet da Manhajojin Waya

Kamfanin da ke talla a intanet ba ya tsayawa kan kafa ɗaya. Yana biyan Google domin sunansa ya fito a sama idan an yi bincike, yana biyan Meta domin kayansa su bayyana a Facebook da Instagram, yana saka bidiyo a YouTube ko TikTok, yana kuma aika wa tsofaffin abokan hulɗarsa saƙon imel. Idan ciniki ya faɗa, dole a rubuta shi da sunan ɗaya daga cikin waɗannan kafofi, ko a raba musu shi, domin da wannan rubutun ne za a yanke inda kuɗin tallan wata mai zuwa zai tafi. Ciniki a nan ya haɗa da duk abin da mai talla ya sa a gaba: sayen kaya, buɗe asusu, cike fom, sauke manhaja, ko biyan kuɗin shiga na wata-wata.

Lamarin ya yi kama da na dillalai huɗu da kowannensu ya taɓa yi wa mai saye maganar gida ɗaya, ga shi kuma la'ada ɗaya ce. Wani ne ya fara ba shi labari, wani ya kai shi ya gani, wani ya kwantar masa da hankali kan farashi, wani kuma ya tsaya ranar da aka biya. Babu ma'aunin da zai auna rabon kowa, sai dai ƙa'idar da aka amince da ita. Haka yake a tallan intanet: na'ura ce ke tattara bayanai, amma rabon kansa yarjejeniya ce da mutane suka tsara, kuma kowace yarjejeniya akwai wanda take fifitawa.

Abubuwa huɗu da lissafin ya dogara a kansu

Kowane tsarin rabon lada yana buƙatar abubuwa huɗu. Na farko shi ne rubuta haɗuwar mutum da talla, ko dai ya danna shi ko ya gan shi kawai ya wuce. Na biyu shi ne rubuta cinikin a lokacin da ya auku. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne wata alama da za ta nuna cewa wanda ya danna tallan ranar Litinin shi ne ya sayi kayan ranar Juma'a. Na huɗu shi ne ƙa'idar rabo: tsawon lokacin da talla zai ci gaba da neman lada, da kuma yadda za a yi idan masu nema sun fi ɗaya. Shafin intanet da manhajar waya sun yi tarayya a na huɗu, amma sun sha bamban ƙwarai a na uku.

Yadda ake bin sawu a shafin intanet

A shafin intanet, kayan aikin farko shi ne kuki, wani ɗan guntun bayani da shafi ke ajiyewa a cikin burauzar mai ziyara domin ya gane shi idan ya dawo. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, shekarar da aka fara saka tallan allo a shafin HotWired. Kuki iri biyu ne. Akwai wanda shafin da mutum ya shiga ke ajiyewa da kansa, akwai kuma wanda wani kamfani na daban ke ajiyewa ta hanyar talla ko lambar da aka dasa a shafin. Wannan na biyun shi ya ba kamfanoni irin su DoubleClick, wanda Google ya kammala saye a 2008 kan dala biliyan 3.1, damar gane burauza ɗaya a shafuka dubbai, su san ta ga talla a jarida kafin ta je kanti.

Kayan aiki na biyu shi ne ƙarin rubutu a wutsiyar adireshin da ake dannawa. Mai talla yana iya liƙa alamomin UTM guda biyar da ke faɗin inda baƙo ya fito, ta wace hanya, da sunan gangamin tallan. Sun samo suna daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saya a 2005 ya mayar da shi Google Analytics. Manyan dandali kuma suna liƙa tasu lambar ta musamman ga kowace dannawa: gclid ta Google ce, fbclid ta Facebook. Da baƙo ya sauka a shafin, sai wata 'yar lamba da mai shafin ya dasa, wadda ake kira piksel, ta kwashi wannan alama ta ajiye a kuki. Ranar da ya biya kuɗi, piksel ɗin da ke shafin godiya sai ya aika wa dandalin rahoto: mai wannan dannawa ya sayi kaya na kuɗi kaza.

Raunin tsarin a fili yake. Kuki burauza ya sani, bai san mutum ba. Wanda ya ga talla a waya ya je ya saya a kwamfutar ofis, mutum biyu ne a idon lissafi, haka ma wanda ya goge kukinsa. Kamfanonin da mutane ke shiga da asusunsu a kowace na'ura, irin su Google da Meta, su ne ke iya ɗinke wannan ɓaraka, kuma wannan na cikin dalilan da suka mamaye kasuwar talla.

Yadda ake bin sawu a manhajar waya

Manhaja tana da tata matsalar. Tsakanin talla da manhaja akwai shagon manhajoji, App Store na Apple ko Google Play, kuma kuki ba ya ratsa shi. Mutum ya danna talla, an kai shi shago, ya sauke manhajar, wataƙila bai buɗe ta ba sai washegari. Manhajar da ta buɗe ido a karon farko ba ta san ta inda mai ita ya zo ba.

Maganin da aka samo shi ne lambar talla ta na'ura. Apple ya fito da IDFA a 2012 tare da iOS 6, Android kuma yana da tasa da ake kira GAID. Dandalin talla yana rubuta wannan lamba lokacin dannawa. Mai manhaja kuma yana dasa wani ƙunshin lamba, SDK, wanda ke aika lambar na'urar a buɗewar farko. Idan lambobin biyu sun dace, an sami mai lada. Wannan ya nuna cewa abin da rahotanni ke kira sauke manhaja a gaskiya buɗewar farko ce; manhajar da aka sauke ba a taɓa buɗewa ba, ba ta shiga wannan lissafi.

Android yana da ƙarin hanya. Tun 2017 Google Play ya samar da wata kafa da ke miƙa wa manhaja bayanin adireshin da ya kawo mutum shago, tare da lokacin dannawa da lokacin da aka fara saukewa. Idan babu lamba kuma babu wannan bayani, wasu na komawa hasashe: su duba adireshin IP, samfurin wayar, da sigar tsarinta, su ce mai yiwuwa wannan wayar ce ta danna talla ɗazu. Hasashen yana saurin lalacewa, domin dubban wayoyi iri ɗaya na iya fita intanet ta adireshin IP guda na kamfanin sadarwa.

Tun da manhaja ɗaya na iya talla a dandali goma ko fiye, sai aka sami kamfanonin da aikinsu shi ne alƙalanci tsakanin dandalin. Fitattu a cikinsu su ne AppsFlyer da aka kafa a Isra'ila a 2011, Adjust na Berlin wanda AppLovin ya saya a 2021, da Branch, Kochava da Singular. SDK ɗinsu ne ke cikin manhajar, su ke karɓar rahoton dannawa daga kowane dandali, su zaɓi wanda ya ci, su aika masa saƙon tabbaci. Jerin fifikonsu kusan iri ɗaya ne: daidaiton lamba ya fi hasashe, dannawa ta fi gani, kuma a cikin dannawa ta ƙarshe ce ke ci. Saukewar da ba a sami wani talla a bayanta ba, ana rubuta ta a matsayin wadda ta zo da kanta. Duk abin da mutum ya yi daga baya a cikin manhajar, rajista ko sayayya, ana ci gaba da jingina shi ga dandalin da ya ci ladan saukewa.

Wa'adin neman lada

Talla ba ya neman lada har abada. Ana yanka masa wa'adi, kuma tsawon wa'adin kaɗai ya isa ya sauya rahoto. A Google Ads, wa'adin da aka saba sakawa ga dannawa kwana 30 ne, ana iya miƙa shi har 90. Facebook ya daɗe yana kan kwana 28 ga dannawa da kwana ɗaya ga gani, sannan a 2021 ya rage na dannawa zuwa kwana 7. A wajen sauke manhaja, kwana 7 ga dannawa da awa 24 ga gani shi ne abin da aka fi amfani da shi.

Wa'adin da ya dace ya danganta da irin kayan. Wasan waya na kyauta ana sauke shi cikin mintuna, don haka dogon wa'adi zai ba talla ladan abin da bai shafe shi ba. Tikitin jirgi ko inshora kuwa mutum kan yi makonni yana shawara, gajeren wa'adi zai hana tallan da ya fara jan hankalinsa haƙƙinsa.

Ladan gani ya fi kowane jawo gardama. Babu shakka talla na iya tasiri ba tare da an danna shi ba, musamman bidiyo. Amma dandalin da ke nuna talla ga miliyoyin mutane a kowace rana zai tarar cewa da yawan masu saye sun wuce ta gaban tallansa cikin awa 24 da suka gabata, ko sun lura da shi ko ba su lura ba. Yawan nunawa kaɗai na iya tara masa lada.

Ƙa'idojin rabo

A ɗauki misalin wata mata da ta sayi takalmi na naira 40,000. Ta danna tallan kantin a Instagram, bayan kwana uku ta danna wani a YouTube, sannan ta buɗe imel ɗin rangwame da kantin ya aiko, daga ƙarshe ta rubuta sunan kantin a Google, ta danna tallan da ya fito a sama, ta biya.

Ƙa'idar dannawar ƙarshe za ta ba tallan bincike na Google naira 40,000 cif, sauran su tashi a tutar babu. Ita ce mafi daɗewa kuma mafi sauƙin bayani, amma tana fifita wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Matar ta riga ta san sunan kantin kafin ta rubuta shi, kuma wani tallan ne ya sanar da ita. Ƙa'idar dannawar farko tana juya lamarin, ta ba Instagram komai, ta manta da waɗanda suka ƙarasa aikin. Rabon daidai-wa-daida zai ba kowa 10,000, kamar duk taɓawa nauyinsu ɗaya. Rabon da ke duba matsayi yana ba na farko kashi 40 cikin ɗari, na ƙarshe 40, na tsakiya su raba 20: wato 16,000, da 4,000, da 4,000, da 16,000. Akwai kuma rabon da ke raguwa da tsufa, inda a tsohon tsarin Google taɓawar da ta yi kwana bakwai kafin ciniki ke samun rabin abin da ta ranar ciniki ke samu. Tsohon Google Analytics, wanda ya daina karɓar bayanai a 1 ga Yuli 2023, yana bin wata ƙa'idar daban: idan mutum ya shigo kai tsaye ya saya, ladan na kafar ƙarshe ce da ta kawo shi kafin nan.

Duk waɗannan kaso-kaso da hannu aka tsara su. Babu binciken da ya tabbatar da cewa taɓawar farko kashi 40 take ci. Wannan ya sa aka koma ga rabon da ake cirowa daga bayanai. Kwamfuta tana kwatanta dubban hanyoyin da suka ƙare da ciniki da waɗanda ba su ƙare da shi ba, ta duba yadda damar saye ke sauyawa idan wata kafa tana cikin jerin da idan babu ita. Ɗaya daga cikin tushen lissafin shi ne dabarar da Lloyd Shapley ya wallafa a 1953 kan yadda za a raba riba tsakanin masu haɗin gwiwa gwargwadon abin da kowa ya ƙara. Google ya mayar da wannan tsari zaɓin farko a Google Ads a 2021, sannan a 2023 ya cire dannawar farko, daidai-wa-daida, matsayi da raguwa da tsufa, ya bar shi tare da dannawar ƙarshe kawai. Tsarin ya fi tsofaffin hankali, amma yana da aibu biyu. Abin da ya gani kaɗai yake aunawa, don haka tallan rediyo ko shawarar aboki ba sa cikin jerin. Kuma mai talla ba ya iya duba yadda aka yi lissafin, alhali mai lissafin shi ne mai sayar masa da tallan.

Dalilin da ya sa alƙaluma ba sa dacewa

Abu ne da aka saba gani: kanti ya sayar da kaya ɗari, rahoton Meta ya ce ya kawo saba'in, na Google ya ce sittin, na TikTok ya ce ashirin. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Kowane dandali tallansa kaɗai yake gani, kuma matar da ta sayi takalmi tana cikin wa'adin Instagram da na Google a lokaci guda, don haka kowa ya rubuta ta cikakkiya.

A ɓangaren manhaja, manyan dandali irin su Meta, Google, TikTok da Snap ba sa miƙa bayanan dannawarsu ga alƙalin waje. Alƙalin ne ke sanar da su cewa wayar mai lamba kaza ta buɗe manhaja, su duba littafinsu, su amsa cewa ta taɓa tallansu a lokaci kaza. Alƙalin sai ya zaɓi ɗaya, amma wanda bai ci ba yana ci gaba da nuna wannan saukewa a nasa rahoton. Akwai kuma bambancin rana: Google Ads ya saba rubuta ciniki a ranar da aka danna talla, manhajojin ƙididdiga kuwa a ranar da aka saya. Ga bambancin agogon ƙasashe, ga na wa'adi, ga batun ko an ƙidaya gani. Mai karanta rahoto dole ya fara tambayar wace ƙa'ida aka bi kafin ya kwatanta lambobi biyu.

Satar lada

Tun da kuɗi na bin dannawar ƙarshe, 'yan damfara sun gane ba sai sun kawo kowa ba. Ya isa su zama na ƙarshe a layi. Hanya ta farko ita ce ambaliyar dannawa: wata manhaja ko shafi yana aika rahoton dannawar ƙarya da lambobin wayoyi masu ɗimbin yawa, da fatan wasu daga cikin masu wayoyin za su sauke manhajar da kansu cikin wa'adi. Ta biyu ita ce cusa dannawa, wadda ta addabi Android: muguwar manhaja da ke cikin waya tana lura an fara sauke wata sabuwa, sai ta harba dannawa kafin buɗewar farko, ta ƙwace ladan. Akwai gonakin wayoyi, inda ake jera ɗaruruwan na'urori ana saukewa ana gogewa ana sauya lamba, akwai kuma masu kwaikwayon saƙon SDK su ƙirƙiri saukewar da ba ta taɓa faruwa a kowace waya ba.

Babban makamin ganowa shi ne tazarar lokaci tsakanin dannawa da saukewa. Mutanen gaske yawanci suna saukewa cikin sa'ar farko. Idan tazarar ta bazu daidai a kan kwanaki bakwai, alamar ambaliya ce. Idan 'yan daƙiƙoƙi ce, ko dannawar ta zo bayan an fara saukewa, alamar cusawa ce. A biyun farko, mai talla yana biyan kuɗi ne kan mutanen da suka zo da ƙafarsu, kuma rahotonsa zai nuna cewa wannan kafa tana kawo abokan ciniki nagari, domin na gaske ne.

Dokokin sirri da rufewar hanyoyi

Alamar da ke haɗa talla da ciniki ita ce dai alamar da ke ba kamfanoni damar bin mutum duk inda ya shiga, kuma daga 2017 aka fara toshe ta. A cikin burauzoji, Safari ya fara takura kukin kamfanonin waje a wannan shekara, ya rufe su gaba ɗaya a Maris 2020, ya kuma rage rayuwar kukin da lambar shafi ke ajiyewa zuwa kwana bakwai, wani lokaci awa 24. Firefox ya fara toshe masu bin sawu ga kowa a 2019. Chrome ya sanar a Janairu 2020 cewa zai bi sahu cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, sannan a Yuli 2024 ya fasa. A ɓangaren doka, GDPR ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018, dokar California a 2020, Najeriya kuma ta sami dokar kare bayanai a 2023.

Babbar girgiza ta zo a Afrilu 2021 da iOS 14.5, inda Apple ya wajabta wa kowace manhaja neman izini kafin ta karanta IDFA. Mafi yawan masu iPhone ba sa amincewa, ga shi kuma daidaita lamba na buƙatar izini a manhajar da ta nuna talla da wadda aka sauke. Apple ya kuma haramta hasashe daga alamomin na'ura. A Fabrairu 2022 Meta ya ce sauyin zai rage masa kuɗin shiga da kusan dala biliyan 10 a wannan shekara.

Abin da Apple ya bayar a madadi shi ne SKAdNetwork, inda wayar da kanta ke yanke wanda ya ci ta aika rahoton da ba ya ɗauke da lambar kowa. A sigoginsa na farko rahoto ɗaya ne, yana zuwa bayan jinkirin da aka yi da gangan, kuma duk abin da mai manhaja zai faɗa game da halin sabon mai amfani dole ya shiga cikin lamba ɗaya daga 0 zuwa 63. Siga ta huɗu, ta 2022, ta ba da rahotanni uku: na kwana biyun farko, na kwana 3 zuwa 7, da na kwana 8 zuwa 35. Idan gangamin talla bai tara saukewa da yawa ba, ana rage bayanin zuwa ƙasa, tsakiya ko sama, ko a ɓoye shi, domin kada a gane mutum ɗaya. A 2024 Apple ya gabatar da AdAttributionKit a kan wannan tushe.

Dandali sun mayar da martani ta hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce aika rahoton ciniki kai tsaye daga babbar kwamfutar mai kaya zuwa tasu, ba ta burauza ba, tare da imel ko lambar wayar mai saye da aka rikiɗa zuwa jerin haruffa, domin a daidaita da asusunsa. Ɗayar ita ce ƙiyasi: a duba halin waɗanda suka ba da izini, a cike gurbin waɗanda ba su bayar ba. Saboda haka wani ɓangare na cinikin da ke cikin rahoton yau ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba.

Lada daban, sanadi daban

Ko da an ga kowace taɓawa, rabon lada ba ya amsa tambayar da ta fi damun mai kuɗi: da ba a yi tallan ba, da an yi wannan ciniki? Dandali suna nuna talla ga waɗanda suka fi kama da masu saye, don haka samun ciniki a bayan talla ba hujja ba ce cewa tallan ne ya kawo shi.

Gwajin eBay na 2012 shi ne misalin da aka fi sani. Kamfanin ya dakatar da tallan da ke fitowa idan an nemi sunansa a Yahoo da Bing, sai kusan dukkan masu ziyarar suka ci gaba da shigowa ta adireshin kyauta da ke ƙasan tallan. Ya kuma dakatar da sauran tallan bincike a wasu yankunan Amurka na kwana 60. Thomas Blake, Chris Nosko da Steven Tadelis sun wallafa abin da aka gano a mujallar Econometrica a 2015: tallan ya yi tasiri a kan sababbi da masu saye jefi-jefi, amma yawancin kuɗin ya tafi ne kan waɗanda dama za su saya. A 2019 Brett Gordon da abokan aikinsa sun kwatanta gwaje-gwaje 15 da aka yi a Facebook da hanyoyin lissafin da ba su da gwaji, suka tarar hanyoyin sau da yawa ba sa kai ga amsar da gwajin ya bayar. Kevin Frisch, tsohon jami'in talla a Uber, ya bayyana cewa sun kashe kusan dala miliyan 100 daga cikin miliyan 150 na tallan manhajarsu, adadin masu saukewa bai sauya a zo a gani ba.

Hanyar gwaji ita ce a raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, a nuna wa ɗaya talla a hana ɗaya, bambancin cinikinsu shi ne ainihin abin da tallan ya ƙara. Meta da Google duk suna da irin wannan gwaji, ana kuma iya yin sa da yankuna: a kashe talla a wasu garuruwa a bar shi a makamantansu. Kusa da shi akwai tsohuwar hanyar da ta riga intanet, wadda ke duba kuɗin da aka kashe a kowace kafa mako-mako na shekara biyu ko uku, ta kwatanta da ciniki bayan an cire tasirin farashi da lokutan bukukuwa. Ba ta buƙatar lambar kowa, shi ya sa ta farfaɗo. Meta ya saki manhajar Robyn, Google ya saki Meridian, duk kyauta.

Cinikin da ba ya shiga lissafi

Duk tsarin ya ginu ne kan zaton cewa ciniki yana ƙarewa a shafi ko a manhaja. A kasuwanni irin na Najeriya da Nijar, inda Android ya fi yawa, matsalar IDFA ba ta kai wani girma ba. Babbar matsalar wata ce daban: mai kaya ya yi talla a Facebook ko Instagram, mai saye ya koma WhatsApp a yi ciniki, ya tura kuɗi ta banki ko ya biya idan kaya sun iso. Dandalin ya ga an fara hira, bai ga an biya ba, sai idan mai kayan ya mayar masa da bayanin. Waya ɗaya kuma na iya zama a hannun mutane da yawa a gida. A irin wannan hali, lambar rangwame ta daban ga kowace kafa, ko layin waya na daban, ko tambayar mai saye inda ya ji labari, suna kama abin da piksel ba ya gani.

Kamfanonin da ke kashe kuɗi mai yawa suna haɗa hanyoyi uku, kowace da aikinta. Rahoton rabon lada yana da sauri da filla-filla, ya dace da hukuncin yau da kullum, kamar wane hoto ko wane rukunin mutane ya fi amsawa a cikin dandali ɗaya. Gwaji yana faɗin ainihin abin da kafa ta ƙara, kuma da shi ake gyara lambobin rahoto: idan gwaji ya nuna rabin cinikin da dandali ke iƙirari ne na gaske, sai a riƙa karanta rahotonsa da wannan ragi. Lissafin mako-mako kuma shi ke jagorantar rabon kasafin shekara tsakanin intanet, rediyo, talabijin da allunan titi. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da bayanan da za su ɗauki wannan lissafi yana iya yin sauƙaƙƙen gwaji: ya dakatar da kafa ɗaya na 'yan makonni a lokacin da babu sallah ko rangwame, ya kwatanta cinikin da ya shiga asusunsa da wanda rahoton dandalin ya ce zai rasa.